Ƙarafan cikin ƙasa da narkewar naitirojin: taimako suke yi ko ɓarna?

Malamin Gona: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. Kullum ana cewa ƙarafa masu nauyi guba ne ga ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa, suna hana taki narkewa yadda ya kamata. Sai kuma a dawo a ce ƙasar da ba ta da jan ƙarfe ko molibdinam ba ta iya sarrafa naitirojin. To wanne za mu kama? A ce an auna ƙasa an samu jan ƙarfe miligiram 90 a kowane kilo, tutiya kuma 200, me za a gaya wa mai gonar game da yuriyar da zai zuba?

Dakta Mai Nazarin Ƙasa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganganun biyu duk gaskiya ne, kuma da waɗannan lambobi biyu kaɗai babu abin da za ka iya gaya masa. Bari mu bi naitirojin ɗin mataki-mataki, za ka ga kusan ko'ina akwai ƙarfe a zaune a tsakiyar enzayim ɗin da ke aikin, wato furotin ɗin da ƙwayoyin halitta ke sarrafa sinadarai da shi.

Yuriya tana fashewa ta zama amoniyam ta hannun enzayim yuriyes, wanda ke ɗauke da ƙwayar nikel biyu a wurin da aikin ke gudana. Daga nan bakteriya irin su Nitrosomonas da Nitrosospira, tare da wasu akiya, 'yan mitsitsin halittu masu kama da bakteriya, su kama amoniya da enzayim AMO, wanda ba ya aiki sai da jan ƙarfe, su mayar da ita haidiroksilamin. Enzayim na gaba, HAO, cike yake da baƙin ƙarfe irin wanda ke cikin jini, ƙwaya 24 a dunƙule ɗaya. Naitirait ya fito, sai Nitrobacter da Nitrospira su mayar da shi naitiret, wanda shi daban ne da naitirait, da enzayim mai molibdinam da baƙin ƙarfe. Idan ƙasa ta jiƙe iska ta yanke, sai tafiyar ta juya: naitiret ya koma naitirait, nan ma molibdinam, naitirait ya koma iskar NO, nan ko jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe, gwargwadon irin bakteriyar, NO ta koma N2O da baƙin ƙarfe, a ƙarshe N2O ta koma N2, iskar naitirojin marar illa, da enzayim NosZ, wanda jan ƙarfe ne jigonsa.

Saboda haka ƙarfen nan guda, jan ƙarfe, idan ya yi kaɗan wani mataki ya tsaya, idan ya yi yawa wani matakin ya mutu. Abin da ke yanke hukunci shi ne nawa ne ya narke a ruwan ƙasa har ƙwayoyin halitta suke taɓa shi, ba jimillar da aka fitar da asid mai ƙarfi a ɗakin gwaji ba.

Malamin Gona: Dakta, wato 90 ɗin nan tana iya zama ba komai ba?

Dakta Mai Nazarin Ƙasa: A ƙasa mai laka da ruɓaɓɓen ganye da yawa, pH 7 (pH ma'aunin tsami ne, 7 ba tsami, ƙasa da haka tsami), mai yiwuwa ba za ka ga wani tasiri ba. A rairayi mai pH 5 kuma tana iya rage haɗa naitiret sosai, wato mayar da amoniyam naitiret. Kai ko dokar Tarayyar Turai ta 1986 kan zuba dagwalon najasa a gona tazara ta bayar, ba lamba ɗaya ba: jan ƙarfe 50 zuwa 140, tutiya 150 zuwa 300, nikel 30 zuwa 75, kadmiyam 1 zuwa 3, dalma 50 zuwa 300, duk miligiram a kilo, kuma ta ce wannan na ƙasar da pH ɗinta ke tsakanin 6 da 7 ne. Lambobinka suna tsakiyar tazarar. Ka kawo pH, yawan laka da yawan ruɓaɓɓun abubuwa, sannan mu yi magana.

Injiniyan Ban Ruwa: Ni a wurina abin da ya fi jan hankali yuriyes ne. An san cewa jan ƙarfe yana danne shi. Asarar da ta fi cutar mai gona idan ya watsa yuriya a saman ƙasa ita ce tashin amoniya, saboda yuriyes yana fasa ta da sauri, pH na kewayen ƙwayar takin ya haura kusan 9, amoniyam ya zama iska ya gudu. To me zai hana a riƙa haɗa yuriya da ɗan jan ƙarfe da gangan? An kashe tsuntsu biyu ke nan: an rage gudun amoniya, an kuma ba NosZ abincinsa.

Malama Ta Ɗakin Gwaji: Injiniya, tunanin ba sabo ba ne. A Brazil ana sayar da yuriyar da aka lulluɓe da ɗan jan ƙarfe da boron saboda wannan dalilin. Kuma tun 1977 Tabatabai na Jami'ar Jihar Iowa ya jera ƙarafa ya gwada su a kan yuriyes na ƙasa, azurfa da zaiba da jan ƙarfe suna cikin waɗanda suka fi danne shi. Yadda suke yi shi ne, akwai wani marfi a bakin enzayim ɗin da ke buɗewa yana rufewa, a jikinsa akwai sistin, wani ɓangaren furotin mai ɗauke da salfa. Waɗannan ƙarafa suna son salfa ƙwarai, sai su manne a wurin, marfin ya ƙage.

Matsalar ita ce ƙasa ba kwalbar gwaji ba ce. Jan ƙarfen da ke jikin ƙwayar yuriya yana sauka ƙasa, laka da ruɓaɓɓen ganye su cafke shi nan take, a tazarar da ba ta wuce 'yan milimita ba. Ita kuwa yuriya ba ta da caji, tana bin ruwa ta yi gaba, ta tarar da yuriyes ɗin da ƙarfen bai kai gare shi ba. Ƙari a kan haka, hauhawar pH ɗin da kake magana a kai ita kanta tana sa jan ƙarfen ya daskare ya daina narkewa. Shi ya sa sakamakon irin wannan taki ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma galibi bai kai na NBPT ba, sinadarin da ake haɗa yuriya da shi don danne yuriyes, wanda shi yana tafiya tare da yuriyar ya je ya toshe nikel ɗin kai tsaye.

Injiniyan Ban Ruwa: To a ƙara yawansa mana, Malama.

Malama Ta Ɗakin Gwaji: Yi lissafin da kanka. Hekta ɗaya, zurfin santimita 20, nauyin ƙasa giram 1.3 a kowace santimita kubik, ya ba ka tan 2,600 na ƙasa. Mu ƙaddara lulluɓin kashi 0.15 cikin ɗari ne, ka zuba yuriya kilo 200: jan ƙarfe giram 300 ke nan, wajen miligiram 0.12 a kilon ƙasa. Wannan ba ya cutarwa, amma ba ya wani aiki mai yawa. Ka ɗaga shi zuwa kilo 4 a hekta duk shekara, wanda shi ne matsakaicin da Turai ta ƙayyade wa masu feshin jan ƙarfe tun 2019, wato kilo 28 a shekara 7. Kowace shekara ka ƙara miligiram 1.5 a kilo. A shekara 30 ka tara kusan 46 a kan abin da ke wurin tun asali, idan ma ana juya ƙasar ke nan. Idan ba a huɗa, duk yana taruwa a 'yan santimitan sama, daidai inda ƙwayoyin halitta suka fi yawa. NBPT yana ruɓewa cikin kwanaki ko 'yan makonni, jan ƙarfe kuwa ba ya zuwa ko'ina. Gonakin inabin Faransa da aka yi ta fesa wa haɗin Bordo, maganin fangas mai jan ƙarfe, tun shekarun 1880 ga su nan, wasunsu da ɗaruruwan miligiram a kilo.

Mai son rage gudun amoniya ya binne yuriyar santimita 5 zuwa 10, ko ya bi ta da ruwa milimita 10 zuwa 20 jim kaɗan bayan watsawa. Ya fi kowane ƙarfe.

Ɗalibin Digiri Na Biyu: Malama, tambaya a kan nikel. Tunda shi ne zuciyar yuriyes, ƙasa mai nikel da yawa za ta fi saurin fasa yuriya ke nan?

Malama Ta Ɗakin Gwaji: A'a ƙanena. Abin da enzayim ɗin ke buƙata ɗan mitsitsi ne, kusan kowace ƙasa tana da abin da ya ishe shi. Da zarar an cika wannan buƙata, ƙari ba ya ƙara sauri, idan ya yi yawa ma nikel ɗin kansa ya koma danne aikin. Inda ƙarancinsa ke bayyana shi ne cikin shuka: waken suya da aka hana nikel, yuriya tana taruwa a ganyensa har bakin ganyen ya ƙone. Irin wannan gwaji ne ya sa aka amince a 1987 cewa nikel na cikin abubuwan da shuka ba ta rayuwa sai da su. Shi kansa yuriyes Sumner ya fitar da shi a tsarkake tun 1926, amma sai 1975 aka gano akwai nikel a cikinsa.

Farfesa: Jama'a, ina bin ku tun ɗazu. Ina so in ja hankali kan abu ɗaya, domin tsoron da ake sa wa mutane game da ƙarafa yakan wuce kima. Yawancin lambobin guba da ake yawo da su daga gwajin da aka zuba gishirin ƙarfe sabo a ƙasa suka fito, aka auna bayan mako ɗaya ko biyu. Wannan gwaji yana da aibi uku. Na ɗaya, zuba tutiya kulorayid ko jan ƙarfe salfet yana saukar da pH, domin ƙarfen yana ture haidirojin daga jikin laka. Na biyu, gishirin kansa yana ƙona ƙwayoyin halitta ko da babu ƙarfen. Na uku, ƙarfe sabo bai samu lokacin shigewa cikin ƙananan ramukan laka da tsatsar ƙasa ba. Ƙasar da ta shekara ashirin da ƙarfenta ba ta nuna gubar da sabuwar zubawa ke nunawa, ko da jimillar ɗaya ce.

Sannan su ma bakteriyar suna sabawa. Masu bincike na Jami'ar Leuven a Beljiyam sun auna ƙasar da ke ƙarƙashin turakun wutar lantarki masu rufin tutiya, inda ruwan sama ya yi shekaru yana wanke tutiyar zuwa ƙasa. A rahotonsu na 2006 sun nuna masu haɗa naitiret na wurin suna jure tutiyar da za ta durƙusar da 'yan uwansu na ƙasa mai tsabta da ke kusa, kuma jinsin bakteriyar ma ya canza.

Dakta Mai Nazarin Ƙasa: Ranka ya daɗe, maganar zubawa sabo ba wanda zai musa maka. Amma batun sabawa kada mu shimfiɗa shi a kan kowane mataki. Gwajin Woburn na Ingila fa? An zuba dagwalon najasa mai ƙarafa a wasu filaye daga 1942 zuwa 1961, aka daina. Bayan fiye da shekara 20 aka dawo aka auna, jimillar ƙwayoyin halittar ƙasar wajen rabin na filayen da aka ba takin dabbobi ne. Farin kulba, wata ciyawa dangin wake, da aka shuka a wurin ya yi ƙululu a saiwa, amma ƙanana farare, ba sa kama naitirojin daga iska. Da aka ba shi takin naitirojin sai ya yi kyau, wanda ya nuna ba shukar ƙarfen ya kama ba, Rhizobium ne, bakteriyar da ke zaune a ƙululun tana kama naitirojin. Irin da ya tsira ya jure ƙarfen, amma ba ya aikin da ake buƙatarsa dominsa. Kuma yawan ƙarafan filayen yana kusa da iyakar da doka ta halatta.

Farfesa: Woburn rairayi ne, Dakta, laka kaɗan ce a ciki. Shi ma ya koma kan maganarka ta farko.

Dakta Mai Nazarin Ƙasa: Haka ne, ranka ya daɗe, amma gonar rairayi ai ba ta da wuyar samu a duniya. Abin da nake so a riƙe shi ne matakan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Fasa furotin ya zama amoniyam aiki ne da dubban jinsunan bakteriya da fangas ke yi, idan wasu sun mutu wasu su ɗauka. Haɗa naitiret kuwa 'yan tsiraru ne ke yin sa, ga jinkirin hayayyafa. Kama naitirojin a saiwar dangin wake ya fi ma ƙunci, kowace shuka da irin abokin zamanta. Saboda haka ƙasa tana iya fitar da amoniyam lafiya ƙalau, mutum ya ce ai ba matsala, alhali matakai biyu na gaba sun gurgunce.

Malamin Gona: To idan haɗa naitiret ya tsaya, ba alheri ba ne? Ai har magani ake saya don a rage shi, saboda naitiret ne ruwa ke wankewa.

Farfesa: Tambaya mai kyau, Malam. Magungunan da kake nufi, naitirafirin da DCD da DMPP, AMO suke nufa, kuma bayanin da aka fi karɓa shi ne wasunsu suna kama jan ƙarfen da enzayim ɗin ke buƙata. Wato ƙarancin jan ƙarfe ake ƙirƙira wa bakteriyar da gangan. Bambancin shi ne na makonni ne, kuma mataki ɗaya aka nufa. Gubar kadmiyam ko tutiya ba ta zaɓe, ba ta kuma ƙarewa da ƙarshen damina. Ga shi kuma amoniyam da ya taru da yawa yana takura wa shuke-shuke da dama, yana hana saiwa shan fotasiyam da kalsiyam da maganisiyam.

Injiniyan Ban Ruwa: Mu koma rabin maganata na biyu, ba a amsa ba. NosZ da N2O. Iskar nan ta ninka kabon dayoksaid sau 273 wajen ɗumama duniya a ma'aunin shekara 100, kamar yadda rahoto na shida na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya bayar. Idan ƙarancin jan ƙarfe ne ke sa ta fita ba ta zama N2 ba, ai ƙara shi ya zama wajibi.

Malama Ta Ɗakin Gwaji: A cikin kwalba an tabbatar da hakan. Wani bakteriya, Paracoccus denitrificans, da aka raina a ruwan da ba jan ƙarfe yana cinye naitiret yadda ya saba, domin shi nasa enzayim na naitirait na baƙin ƙarfe ne, amma sai ya tsaya a N2O ya yi ta fitar da ita. Dalili a fili yake: kowane ɓari na NosZ yana buƙatar ƙwayar jan ƙarfe 6, biyu a wurin karɓar lantarki, huɗu a dunƙule da salfa a wurin fasa iskar, enzayim ɗin kuma ɓari biyu ne, 12 ke nan. Kuma shi ne babban enzayim ɗin da aka sani yana wannan aikin.

Amma a gona akwai abubuwan da ke riga ƙarancin jan ƙarfe hana NosZ aiki. Babbansu tsamin ƙasa. Ana harhaɗa enzayim ɗin ne a tsakanin fatun ƙwayar bakteriya biyu, wurin da pH na waje ke shafa kai tsaye, kuma idan ya sauka zuwa wajen 6 ko ƙasa da haka harhaɗawar tana lalacewa ko da jan ƙarfen na nan. Sai iskar oksijin, wadda NosZ ya fi sauran enzayim ɗin jin zafinta, shi ya sa ƙasar da ke jiƙewa tana bushewa ta fi wadda ruwa ya kwanta a kanta fitar da N2O. Sai yawan naitiret, domin idan ya wadata bakteriyar sun fi son sa a kan N2O. Ƙarancin jan ƙarfe na gaske an fi samun sa a ƙasar da kusan dukkanta ruɓaɓɓen ganye ce, mai riƙe ƙarfen gam, da farin rairayin da ruwa ya wanke, da kuma inda salfayid ya daskarar da shi a ƙarƙashin ruwa.

Wani abin kuma, idan ƙarafan suka yi yawa, matakin nan na ƙarshe ne dai ya fi saurin faɗuwa. An ga haka da haɗin kadmiyam da jan ƙarfe da tutiya: samar da N2O ya farfaɗo da wuri, cinye ta ya daɗe bai dawo ba. Ka ga ke nan ƙaranci da yawa alama ɗaya suke bayarwa. Wanda ya ga N2O ta yi yawa ya ɗauko jan ƙarfe bai auna ba, yana iya ƙara wa Borno dawaki.

Ɗalibin Digiri Na Biyu: To ta yaya za a gane matakin da ya tsaya, a aikace?

Malama Ta Ɗakin Gwaji: Ɗebo ƙasar sama, santimita 0 zuwa 20, daga wurare da dama ka gauraya. Ka samo ta kwatanci daga wuri mai irin lakarta da pH ɗinta amma ba ƙarfen, in ba haka ba bambancin ƙasa za ka auna, ba na ƙarfe ba. Kada ka shanya ta ta bushe, domin bushewa na kashe masu haɗa naitiret, kuma idan ka sake jiƙa ta gawarwakinsu suna sakin amoniyam da zai ruɗe ka. Tankaɗe ta da rariyar milimita 2 tana da danshinta, ka daidaita ruwan zuwa rabin abin da take iya riƙewa, ka bar ta mako guda ta natsu.

Raba ta kashi huɗu, kowanne a maimaita aƙalla sau uku: wanda ba a sa komai ba, mai yuriya, mai amoniyam salfet, da mai amoniyam salfet haɗe da garin farar ƙasa da zai kai pH wajen 6.5. Naitirojin miligiram 100 a kilo ya isa. Ajiye a duhu, zafi ya tsaya wuri ɗaya tsakanin digiri 20 da 25, murfin ya bar iska ta shiga, kana auna nauyin kwalbar kana mayar da ruwan da ya tashi. A rana ta 0, 7, 14 da 28 ka ɗebi giram 10, ka zuba mililita 100 na fotasiyam kulorayid mai ƙarfin mola 2, ka girgiza awa ɗaya, ka tace. Wanda ke bin yuriya ya ƙara ɗiba a rana ta 1 da ta 3, don a mako guda ta riga ta ƙare a ƙasa mai lafiya.

Karatun sakamakon: idan amoniyam ya ƙi fitowa a kwalbar yuriya, yuriyes ne. Idan amoniyam ya zauna naitiret bai tashi ba, matakin AMO ne, sai ka dubi kwalbar farar ƙasa. In ta farfaɗo, tsami ne ko ƙarfen da tsami ya narkar, kuma maganinsu ɗaya. Idan naitirait ya taru, fara zargin amoniya a pH mai yawa kafin ƙarfe, domin ita ce ta fi danne Nitrobacter. Idan jimillar amoniyam da naitiret ta ragu, ko ya tashi iska, ko ƙwayoyin halitta sun haɗiye shi. Tsarin gwaji mai lamba 216 na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, yana ɗaukar bambancin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba a rana ta 28 a matsayin ba wata illa mai ɗorewa, kana iya aron wannan ma'aunin.

Wani tarko: idan da bututun kadmiyam kake mayar da naitiret naitirait kafin ka auna launi, baƙin ƙarfe da jan ƙarfen da ke cikin ruwan tacewar suna rage ƙarfin bututun, sai ka samu naitiret kaɗan ka ɗauka guba ce. Sa EDTA, sinadarin da ke kama ƙarafa, a ruwan, kuma ka riƙa ratsa samfurin da ka san yawansa bayan kowane goma.

Dakta Mai Nazarin Ƙasa: In ƙara a kan na Malama, ƙarfen ma a auna shi hanya biyu ko uku. Jimilla da haɗin asid mai kashi uku haidirokulorik, kashi ɗaya naitirik. Wanda ya narke da kalsiyam kulorayid mai mola 0.01, ƙasa ɗaya ruwa goma, girgiza awa biyu, shi ne ya fi kusa da abin da bakteriya ke gani na tutiya da kadmiyam da nikel. Idan ƙaranci ake zargi, sai gwajin Lindsay da Norvell na DTPA, sinadarin da ke jawo ƙarfe daga ƙasa: ƙasa giram 10, ruwa mililita 20, pH 7.3, awa biyu. Jan ƙarfen da ya gaza wajen miligiram 0.2 a kilo a wannan gwaji shi ake kira ƙaranci. Amma a tuna don ƙasa marar tsami aka tsara shi, kuma don shuka, ba don bakteriya ba.

Farfesa: Duk kun tsaya kan enzayim, kun bar ƙarafan da suka fi kowanne yawa a ƙasa, baƙin ƙarfe da manganis, waɗanda ke taɓa naitirojin ko babu mai rai a wurin. Idan ruwa ya kwanta, oksijin ya ƙare, sai a ci naitiret, sannan manganis, sannan tsatsar baƙin ƙarfe ta narke ta zama Fe(II), wato baƙin ƙarfe mai caji biyu. Ƙasar ta bar ja ta koma toka-toka mai ɗan kore, in ka fasa dunƙulenta ka bar shi a iska za ka ga jan tabo na dawowa a fuskar. Wannan Fe(II) idan ya haɗu da naitirait, su biyu kawai, sai NO da N2O su fito. Koren tsatsa ma yana mayar da naitiret amoniyam. A ɗaya gefen, baƙin manganis oksaid yana kama haidiroksilamin da ya ɗiga daga masu haɗa naitiret ya mayar da shi N2O nan take. Akwai kuma hanyar da ake kira Feammox, inda wasu bakteriya ke ƙona amoniyam da tsatsar baƙin ƙarfe a maimakon oksijin, an fi ganin ta a ƙasa mai tsami mai yawan ƙarfe.

Amfanin sanin wannan ga mai gwaji: asitilin da ake cika kashi 10 cikin ɗari na iskar kwalba da shi don toshe NosZ ba ya gaya maka N2O ɗin daga bakteriya ta fito ko daga ƙarfe. Sai ka haɗa da ƙasar da aka kashe komai na cikinta. Kuma kada a dafa ta a tukunyar tururi, zafin yana canza yanayin ƙarfen da manganis, hasken gama ya fi. Haka nan mai auna Fe(II) da sinadarin ferozin, idan akwai naitirait a samfurin ya zuba masa haidirokulorik, asid ɗin zai sa naitirait ya cinye Fe(II) kafin a auna. Salfamik asid ake sawa ya kawar da naitirait tukuna.

Injiniyan Ban Ruwa: Na ji na jan ƙarfe, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Inda DTPA ya nuna ƙaranci na gaske, ni dai zan ce a sa.

Dakta Mai Nazarin Ƙasa: A wannan ba mu saɓa ba, Injiniya, shukar ma tana buƙatarsa. 'Yan kilo kaɗan a hekta sau ɗaya yana kai shekaru, sai a sake aunawa kafin a ƙara. Abin da muka ƙi shi ne a mayar da shi abin zubawa duk shekara.

Malamin Gona: To mu dawo kan mai gonar nan tawa mai 90 da 200. A ce pH ya fito 5.3, ƙasar kuma rairayi-rairayi ce.

Dakta Mai Nazarin Ƙasa: To yanzu akwai abin faɗa. Abu na farko, takin da yake zubawa yana ƙara masa matsalar. Duk amoniyam ɗaya da ya zama naitiret yana sakin haidirojin biyu. A lissafin takarda, idan naitiret ɗin ya wanke bai shiga shuka ba, kilo ɗaya na naitirojin daga amoniyam salfet yana buƙatar farar ƙasa kilo 7.1 kafin a kashe tsaminsa, na yuriya kuma 3.6, domin fashewarta ta riga ta cinye rabi. Tsamin ya ƙaru, tutiya ta ƙara narkewa, a ƙasa da 5.5 alminiyam da manganis su ma su shigo, masu haɗa naitiret su ja baya, NosZ ya lalace. Molibdinam kuwa akasin sauran yake, tsami ne ke sa tsatsar ƙasa ta riƙe shi, sai dangin wake su kasa kama naitirojin.

Saboda haka ya bar amoniyam salfet. Ya sa farar ƙasa ya kai pH 6.5, yawanta kuma daga gwajin buƙatar farar ƙasa za a fitar, ba da ka ba, domin rairayi kaɗan yake so, yana da saurin zarcewa. A gauraya ta cikin santimita 15 zuwa 20 na sama makonni kafin shuka, kada a watsa yuriya a kan farar ƙasar da ke kwance a sama, amoniya za ta tashi. Ya raba naitirojin ɗinsa kashi biyu ko uku yana binnewa. Sannan a nemo inda ƙarfen ke shigowa a toshe: feshin maganin fangas mai jan ƙarfe, kashin aladu ko na kajin gona da ake sa wa jan ƙarfe da tutiya a abinci, dagwalon najasa, ko ruwan ban ruwa da ya ratso masana'anta.

Malama Ta Ɗakin Gwaji: Kada kuma ya wuce 7 da sunan neman tsira. Daga nan ruɓaɓɓun abubuwa suna fara narkewa su ɗauko jan ƙarfe su shigo da shi ruwa, gudun amoniya ya ƙaru, kuma idan akwai kuromiyam mai caji shida ko asenik a wurin sun fi yawo a pH mai yawa. Takin da ya ruɓe sosai yana taimakawa wajen riƙe jan ƙarfe, amma ɗanye mai kabon fiye da 30 a kan naitirojin 1 zai sa bakteriya su haɗiye naitirojin ɗin na makonni, shuka ta yi rawaya, a ɗora wa ƙarfe laifin da ba nasa ba. EDTA kuma a bar shi a ɗakin gwaji, zuba shi a gona yana narkar da ƙarafan ne ya tura su ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Ɗalibin Digiri Na Biyu: Molibdinam fa, a ƙara masa?

Dakta Mai Nazarin Ƙasa: Sai bayan farar ƙasa ta yi aikinta, domin sau da yawa ita kaɗai ta isa ta sake shi. Idan ya shuka wake, ya tona saiwarsa bayan mako biyar ko shida ya tsaga ƙululun da farce. In cikinsu ja ne ko ruwan hoda, suna aiki, ya bar su. In farare ne ko kore, sai a duba molibdinam da kuma irin Rhizobium ɗin, wataƙila sai an shafa wa irin sabon bakteriya kafin shuka. Idan za a sa molibdinam, lissafinsa da giram ne a hekta, wajen 50 zuwa 100, a jikin iri ko a feshi. Wanda ya zarce a filin kiwo, ciyawar za ta tara shi, shanu da tumaki su kamu da ƙarancin jan ƙarfe ko da ƙasar cike take da shi.

Malamin Gona: Na gode, Allah ya ƙara sani. Zan sa a sake auna pH da ƙarfen da ke narkewa a kalsiyam kulorayid wata shida bayan an sa farar ƙasar, in kawo lambobin nan mu duba tare.